Kwata Tsakanin Gidaje: Rarrabuwar Iko a Mulkin Gari, daga Dakoro zuwa Maraɗi da Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa ayyukan da suka shafi kowa, irin su burtali da magudanar ruwa da yankan filaye, suke lalacewa a daidai wuraren da masu iko suka fi yawa. An ɗauki gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi a matsayin madubi, sannan aka gwada abin da aka gani a cikinta da halin da biranen Maraɗi da Kano suke ciki. Hujjar maƙalar ita ce gyare-gyaren mulki da aka yi ta yi sun ƙware wajen gina wa kowace hukuma gidanta, amma sun bar tsakanin gidajen ba mai shi. Takardar izini tana hannun wani, kuɗi suna hannun wani, kunnen jama'a kuma yana wajen wani daban. An kammala da cewa tattara wuƙa da nama a hannu ɗaya ba zai ɗinke wannan ɓaraka ba, sai an ba zaman haɗin gwiwa kuɗinsa da rajistarsa da wanda za a tuhuma in aiki ya ɓaci.

1. Gabatarwa

Idan damina ta ɗauke, tabkunan arewa suka fara ƙafewa, makiyayin da ya yi kiwo a kewayen Gadabeji yakan juya kan garkensa kudu. Kafin ya yi kwana goma yana tafe, zai bi ta hannun masu iko da yawa. Arɗonsa ne ya san shi, a wajensa yake biyan lanho. Ƙasar da shanunsa suke takawa kuwa ta wani sarkin kanton ce. Ranar da aka yarda dabbobi su shiga gonaki, wato sakin gonaki, hukumar jiha ce take tsayar da ita. Rijiyar da zai shayar, wataƙila wata ƙungiyar agaji ce ta gina, kwamitin ƙauye yake riƙe da ita, a takarda kuma mallakar ƙaramar hukuma ce. Idan ya kai bijimi kasuwar Sakabal, mai karɓar harajin magajin gari yana jiransa a ƙofa. Idan aka yi ɓarna, za a fara zuwa wajen mai gari, a wuce wajen sarki, in abin ya ƙi a dangana da jandarma da alƙali.

Duk waɗannan hannuwa suna da dokar da ta ba su dama. To amma ranar da makiyayin ya iske an nome burtalin da ya bi bara, wa zai kama? Nan ne magana take tsayawa. Kowa daga cikinsu yana da abin faɗa, ba wanda laifin yake wuyansa shi kaɗai.

Bahaushe ya san wannan hali tun daga unguwa. Kowane magidanci yana sa a share ƙofar gidansa, amma kwatar da ta ratsa tsakanin gidaje tana nan cushe, don ta kowa ce, saboda haka ba ta kowa ba. Wannan maƙala tana so ta nuna cewa ciwon da ke damun manyan birane irin su Kano, inda ake kukan shara da ambaliya da gine-gine barkatai, shi ne ciwon da ke damun burtalin Dakoro. Dalilin fara dubawa daga Dakoro shi ne a can masu ikon ba su fi ƙarfin ƙirga ba, ana iya bin sawun kowanne a ga inda ya tsaya.

2. Yadda aka jera masu iko a Dakoro

Garin Dakoro ɗan mulki ne tun haihuwarsa. Turawan Faransa ne suka mayar da shi mazaunin kwamanda a 1947, domin su sa ido kan yankin da manoman Hausawa masu hawa arewa neman gona suke haɗuwa da makiyaya Fulani da Abzinawa. Tsarin da suka bari yana da wata tsaga wadda har yau ba a like ba. Sarkin kanton, kamar na Kornaka ko Birnin Lalle ko Soli Tagris, yana mulkin ƙasa da mutanen da ke kanta. Shugaban rukunin makiyaya kuwa mutane yake mulki, duk inda suka yada zango, ba shi da ƙasar da za a ce tasa ce. Wato tun farko an zuba iko iri biyu a fili ɗaya, ɗaya ana auna shi da ƙasa, ɗaya ana auna shi da kawuna.

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka ɗora ma'aikatun gwamnati a kai: na noma, na kiwo, na ruwa, na gandun daji, kowacce tana karɓar umarni daga ministanta a Yamai. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka jawo ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara, kowanne da kwamitin da yake kafawa a ƙauye. Daga bisani aka zo da sakar wa ƙananan hukumomi mara. Dokar 11 ga Yunin 2002 ta ƙirƙiro ƙananan hukumomi 265 a faɗin Nijar, aka yi zaɓensu na farko a watan Yulin 2004. Gundumar Dakoro ta samu 14. A 2011 aka ɗaga Bermo ta zama gunduma, ta tafi da Bermo da Gadabeji, Dakoro ta rage da 12. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar sun haura dubu 630.

Abin lura a dokar 2002 shi ne ta ambaci sunayen ƙananan hukumomin da hedikwatocinsu, aka raba musu ƙauyuka da rugage, amma ba a shata musu iyaka a ƙasa ba. An kauce wa shatawar ne don gudun tayar da tsohuwar rigimar sarauta. A kudu, inda ƙauyuka suke manne da juna, abin bai yi muni ƙwarai ba. A wuri irin Dakoro kuwa ya haifi abin mamaki: ƙaramar hukumar da aka gina kan rukunin makiyaya, kamar Azagor, tana iya samun mutanenta zaune a ƙasar da wani kanton yake cewa tasa ce, ƙauye biyu su sha rijiya ɗaya amma kowanne da magajin garinsa. Abdoulaye Mohamadou, wanda ya yi bincike a Birnin Lalle da sauran yankin Dakoro, ya nuna yadda kafa ƙananan hukumomi ya zama sabon fagen da sarautu suke neman tabbatar da ikonsu kan ƙasa.

Jean-Pierre Olivier de Sardan na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ya ƙirga hanyoyi takwas da ake samar wa jama'a ayyuka a Afirka ta Yamma: ta sarauta, ta ƙungiyoyi, ta ƙaramar hukuma, ta ayyukan masu ba da tallafi, ta ma'aikatun gwamnati, ta attajirin da ya ɗauki nauyin garinsu, ta addini, da ta 'yan kasuwa. Duk takwas ɗin ana samunsu a Dakoro. Muhimmin abu shi ne ba wanda aka ɗauke lokacin da aka kawo na bayansa. Kowane zamani ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a kan ta wanda ya gabace shi.

3. Layin 1961 da tabarmar Kofo

Babu inda wannan jibgi ya fi fitowa fili kamar Kwarin Tarka, tsohon gulbin da ya taso daga jihar Damagaram, ya ratsa Dakoro, ya faɗa jihar Tawa. Dokar 26 ga Mayun 1961 ta ja layin da noma ba zai ƙetare ba ta arewa, kuma a nan yankin layin yana bin wannan kwari ne. Arewa da layin ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona a can ba shi da hakkin neman diyya idan dabba ta ci. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta sake tabbatar da layin, ta kuma amince cewa yawon kiwo hakki ne na makiyayi.

A ƙasa kuwa gonaki sun daɗe da tsallake layin. Yawan jama'a ya ƙaru, ƙasar kudu ta gaji, makiyayan da fari ya cinye wa dukiya su ma sun kama fartanya. Wa ya kamata ya hana? Mai gari da sarki su ne suke ba da gona, kuma kowane sabon ƙauye ƙarin talakawa ne gare su. Magajin gari yana ganin ƙarin masu biyan haraji, a lokacin siyasa kuma ƙarin ƙuri'a. Perefe, wakilin gwamnati a gunduma, yana da ikon tsawatawa, amma baƙo ne mai jiran canji, abin da ya fi so shi ne ya bar gundumar lafiya lau. Ma'aikacin kiwo ya san dokar sarai, sai dai ba shi da man da zai zuba a babur ya je ya gani. Ba lalle ne a samu mugu ko ɗaya a cikinsu ba. Kowa ya yi abin da kujerarsa ta koya masa, sakamakon ya zama layin da ke takarda kawai.

An san abin da irin wannan sakaci yake iya haifarwa. A watan Oktoban 1991, a Toda da ke yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Ba a yi shekara biyu ba aka fitar da kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993, wanda ya zo da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Hikimar Kofo ita ce ba ta ƙwace ikon kowa ba. Ta tara perefe da magadan gari da sarakuna da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da makiyaya da mata a tabarma ɗaya, ta ba su aikin da za a gani da ido: a bi burtali da mashaya da makiyaya, a yarda da iyakarsu a gaban shaidu, a kafa turaku, a rubuta. A jihar Maraɗi an yi irin wannan aiki da yawa, da tallafin ƙasar Suwizalan da sa hannun ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, kuma inda aka kafa turakun bayan an yi zama na gaskiya, jayayya ta ragu.

Raunin Kofo shi ne tabarmar aro ce. Yawancin fitar da Kofo take yi, mai ba da tallafi ne yake biyan mota da mai da kuɗin zama. Ranar da aikinsa ya ƙare, zaman ya ƙare. Sannan Kofo ba ta yanke hukunci: sulhu na sarki ne, hukunci na alƙali. Tana iya rubuta cewa an ci burtali, amma ba ta da sandar da za ta fitar da wanda ya ci. Ga kuma burtalin kansa, wanda bai san an raba Bermo da Dakoro a 2011 ba, yana ratsa ƙananan hukumomi da gundumomi har ya shiga Nijeriya. In an gyara shi a wuri tara aka toshe a na goma, duka an toshe.

4. Kaya ba gammo

Kundin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumban 2010 ya ba magajin gari da majalisarsa ayyuka masu yawa. A farkon 2016 gwamnati ta fitar da ƙudurin miƙa musu fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A takarda ke nan, ajin makaranta da ɗakin shan magani da famfon ƙauye duk sun koma wuyan ƙaramar hukuma.

Da me za ta ɗauka? Harajin kai da ake biya a karkara bai wuce jika guda ba a shekara ga mutum ɗaya, kuma masu gari da arɗaɗɗa ne suke tattarawa, ana ba su ladansu a ciki. Magajin gari bai isa ya matsa wa mai sarauta ba, don ta bakinsa yake isa ga jama'a. A shekarar yunwa, irin 2005 ko 2010, ba mai fuskar da zai tambayi talaka lanho. Abin da ya rage shi ne kasuwa, musamman karar dabbobi, inda ake karɓar kuɗi kan kowane kai da aka shigo da shi da wanda aka sayar. Wannan ya sa ƙaramar hukumar da Allah ya ba babbar kasuwa take numfashi, maƙwabciyarta kuwa, wadda dabbobin suka ci ciyawarta suka sha ruwanta kafin su iso kasuwar, ba ta ganin ko dala. An kafa hukumar ANFICT a 2008 domin ta riƙa zuba wa ƙananan hukumomi tallafi ta kuma daidaita tsakanin mai shi da marar shi, amma ta ɗauki shekaru kafin ta kama aiki, kuma abin da take rabawa bai taɓa yin kusa da nauyin da aka miƙa ba.

Sakamakon shi ne manyan kuɗin gini suna wajen masu ba da tallafi, ƙwararru suna wajen ma'aikatun gwamnati, ƙaramar hukuma kuma tana riƙe da hatimi. Tsarin raya ƙasa da kowace ƙaramar hukuma take rubutawa yakan koma jerin buƙatu da ake ajiye wa baƙo mai zuwa. Wannan ya gina rijiya da sharuɗɗansa, wancan ya gina famfo da nasa, a wani ƙauye ana sayar da ruwa, a na kusa da shi kyauta ne. Idan injin ya lalace bayan shekara uku, kwamitin ya ce a je wajen magajin gari, magajin gari ya ce a je ma'aikatar ruwa, ma'aikatar ta ce masu aikin sun tafi. Talaka ya koma tsohuwar rijiya da gugarsa.

5. Ciwon a babban birni: Maraɗi da Kano

Wani zai ce wannan duk zancen daji ne. To a sauko kudu zuwa Maraɗi, mai mutum fiye da dubu 267 a ƙidayar 2012. Birnin da ake gani yau ruwa ne ya tsara shi: ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, Turawa suka mayar da shi kan tudu, suka yanka tituna a miƙe. Tun 2010 Maraɗi tana cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Damagaram da Tawa, an kasa ta gida uku ƙarƙashin hukumar birni ɗaya. A gefe ga gwamna, ga Sarkin Katsinan Maraɗi da masu unguwanninsa, ga kamfanin lantarki da na ruwa waɗanda Yamai suke saurare, ga kuma alhazan birni da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu, waɗanda gudummawarsu takan fi ta hukuma saurin isowa.

Abin da gona take yi wa burtali a Dakoro, shi fuloti yake yi wa hanyar ruwa a Maraɗi. Yankan filaye yana cikin hanyoyi ƙalilan da hukumar gari take samun kuɗi masu kauri a lokaci ɗaya, don haka kowa yana son ya yanka. Birnin kuma ya riga ya kai bakin ƙasar maƙwabtansa, Tibiri da Jiratawa da Safo. Sai a yanka unguwa tun ba a kawo ruwa da wuta ba, ba a kuma tambayi inda ruwan sama zai bi ba. Ruwa kuwa daga tudu yake gangarowa zuwa Gulbin Maraɗi, ba ruwansa da wanda ya sa hannu a takardar fili. A 2015, da birnin ya karɓi bikin ƙasa na 18 ga Disamba da shirin Maraɗi Kwalliya, an ga yadda aiki yake sauri in kuɗi da umarni suka taho tare daga sama. Bayan biki sai aka bar wa birni tituna da gine-ginen da kasafinsa bai isa ya kula da su ba. Ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya kuma yi kisa a cikin birnin, ya tuna wa kowa cewa magudanar ruwa sarƙa ce, ƙarfinta yana wajen zoben da ya fi rauni.

Kano ta kai abin maƙura. Abin da ake kira birnin Kano ya bazu a ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Ba wata majalisa ɗaya da aka zaɓa don birnin a dunƙule. Giɓin sai gwamnatin jiha ta cike shi da hukumominta, KNUPDA ta tsara gine-gine, REMASAB ta kwashe shara, KAROTA ta kula da tituna, alhali tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kuɗin ƙananan hukumomin kuma sun daɗe suna bi ta asusun haɗaka da jiha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye. Ko da hukuncin ya tabbata a aikace, tambaya ɗaya tana nan: ruwan kogin Jakara yana ratsa ƙananan hukumomi da dama kafin ya fita birni, ledar da aka zuba a sama ita take toshe gadar da ke ƙasa. Shugabanni takwas masu cin gashin kansu, kowanne da asusunsa, ba su zama mai Jakara ɗaya ba.

6. Shin a mayar da wuƙa da nama hannu ɗaya?

Akwai masu ganin maganin a fili yake: jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Majalisun da aka zaɓa a 2004 da 2011 da 2020 sun sha fama da tsige magadan gari da rigimar jam'iyyu, an kuma sauke wasu bisa zargin almundahana. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, ta naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Kantoma ba ya jiran ƙuri'ar kansila kafin ya sa a yashe kwata, kuma shi da perefe da gwamna duk igiya ɗaya ta ɗaure su.

Sai dai wannan igiya daga sama take saukowa, matsalar da muka bi sawunta kuwa a kwance take, tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Kantoman wannan gari da na wancan kowanne sama yake kallo. Naɗin bai shata iyakar da dokar 2002 ta bari a buɗe ba, bai ƙara ko tamma a harajin kai ba, bai canja cewa mai gari ne yake ba da gona ba. Tarihi ma shaida ne: layin 1961 ya fi shekara arba'in a ƙarƙashin mulkin da komai daga Yamai yake fitowa, har da na jam'iyya ɗaya da na soja, kuma a cikin waɗannan shekaru ne gonaki suka tsallake shi. Akwai kuma abin da ake rasawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kansila, duk rauninsa, ƙofa ce da ɗan ruga ko matar ƙauye suke iya ƙwanƙwasawa.

Masana sun daɗe da wannan muhawara. A 1961, shekarar da aka ja layin Tarka, Vincent Ostrom da Charles Tiebout da Robert Warren suka yi rubutu kan manyan biranen Amurka, suna cewa yawan hukumomi a birni ɗaya ba lalle ne ya zama hargitsi ba, in akwai ƙa'idar da ta haɗa su da wurin da suke warware saɓani. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa makiyaya da masunta da masu noman rani sukan riƙe dukiyar tarayya da kyau idan iyakarta a bayyane take, masu amfani da ita suna da baki a dokarta, akwai mai sa ido, hukunci kuma yana hawa daki-daki. Idan aka auna Kofo da wannan ma'auni, za a ga ta samu na farko da na biyu, ta rasa na uku da na huɗu. Ginin da aka fara ne ba a rufa ba.

7. Kammalawa

Abin da Dakoro take koyarwa shi ne a daina fara tambaya da wa ya fi wa, a fara da abin da ake son a kiyaye. Burtali, kwari, magudanar ruwa, bakin gari inda ake yanka filaye: kowannensu yana da tsawonsa da faɗinsa, kuma zaman da zai kula da shi ya kamata ya yi daidai da wannan tsawo. Kundin 2010 ya riga ya ba ƙananan hukumomi damar haɗa kai su kafa hukumar tarayya don aiki ɗaya. Ƙananan hukumomin da Tarka ta ratsa suna iya yin haka, haka ma Maraɗi da maƙwabtanta kan filaye da hanyoyin ruwa.

Amma zama ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da abu uku. Na farko kuɗin kansa, komai ƙanƙantarsu: wani kaso sananne daga harajin karar dabbobi ya tafi kula da burtali da mashayar da suka kawo dabbobin, wani kaso daga kuɗin fuloti ya tafi magudanar ruwa tun kafin a ɗora bulo. Na biyu rajista a buɗe, wadda duk mai so zai gani, a kuma karanta ta da Hausa da Fulatanci da Tamashek a gidajen rediyon karkara, don abin da jama'a suka ji da kunnensu ya fi wuyar sacewa. Na uku suna: kowane yanki na burtali ko na kwata a san mutum ɗaya da za a kira idan ya toshe, a kuma san ranar da zai tsaya gaban jama'a ya yi bayani, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe. Masu ba da tallafi su ma sai su yarda su zauna kan wannan tabarma maimakon kowa ya zo da tasa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar sabuwar ma'aikata. Abin da suke buƙata ya fi haka wuya, wato kowane mai iko ya saki ɗan abin da ke hannunsa: sarki ya yarda a rubuta gonar da ya bayar, magajin gari ko kantoma ya yarda a raba kuɗin kasuwa da maƙwabci, Yamai ta yarda ta aiko da gammo tare da kaya. Ranar da makiyayin nan da ya taso daga Gadabeji ya iske gero a tsakiyar burtali, ya kuma san sunan wanda zai je wa tun kafin ya kai hannu ga sandarsa, ranar ce za a ce kwatar ta samu mai ita.